Ɗakin da Ake Kwana a Ciki

Abin da zan faɗa a gidanmu aka yi shi, da rana tsaka, kuma ba wanda ya ɗaga murya. Da duka aka yi, ko zagi, da maƙwabta sun shigo sun raba. Amma da sallama aka yi shi, da "sannu Gwaggo", har da gyara mata matashin kai.

Gidan su mijina shi ne na ƙarshe a layinmu. In ka fita ta ƙofar baya akwai fili, a ƙarshen filin akwai wani tsohon sito da marigayi surukina yake ajiye buhuna da kayan noma, bayan siton kuma iyakar ƙasa ce. Ba wani abu ake gani a iyakar ba. Ciyawa ce irin ta nan, awakin unguwa ma ba su san da ita ba.

Wata safiya masu awo suka zo da huluna rawaya, suka kama kafa turaku masu jan fenti. Turakun suka bi ta tsakanin gida da sito, a miƙe kamar an ja zare. Na fito da 'yata a goye, na tambayi babbansu me ake yi. Ya ce katanga gwamnati za ta gina a kan iyaka, daga nan har inda ido ba ya kaiwa, kuma duk abin da ke bayan jan turke ya zama nata.

"Ko mai wurin bai yarda ba?"

"Doka ta ba ta dama, baiwar Allah. In don amfanin jama'a ne ba a jiran yardar kowa, sanarwa kawai ake yi."

Ya leƙa bayana ya yi wa yarinyar wasa, ya ci gaba da buga turkensa.

Yaya Babba, wan mijina, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, don haka shi ya je taron da aka kira masu filaye. Ya dawo yana share gumi, ya tara mu a tsakar gida: shi, da matarsa da muke kira Anti, da mijina da suke kira Auta, da ni. Gwaggo tana ɗakinta, ƙofa a buɗe, tana jin komai kamar yadda ta saba.

Gwaggo yayar mahaifinsu ce. Ba ta haihu ba, ita ta reni mijina bayan uwarsu ta rasu. Ƙafafunta sun gaji, daga gado zuwa bakin ƙofa iyakar tafiyarta ke nan. Ɗakinta shi ne wanda bayansa ke kallon titi. Sunanta aka sa wa 'yata, shi ya sa ba ta kiranta da komai sai Takwara, har kowa ya ɗauka.

Yaya ya ce ga abin da ya jiyo. Filin da ba komai a kai, abin da za a bayar bai taka kara ya karya ba. Sito ma haka. Amma ɗakin da ake kwana a ciki, gida guda gwamnati za ta bayar a madadinsa, a sabuwar unguwa, da famfo da wuta. Kuma yana da tabbacin masu dubawa za su zo ba sanarwa, su ga ko da gaske da mutum a ciki.

Anti ta ɗaga kai tana hangen rufin sito. Mijina ya kalli ƙafarsa.

"To sai a samu mai kwana," in ji Anti.

"Ba kwana kaɗai ba," in ji Yaya. "Duk lokacin da suka zo dole su tarar da mutum. Ni ina kasuwa. Auta yana kan hanya da mota. Ke kina da 'yan makaranta. Amarya tana da goyo." Ni ce Amarya, har yanzu, duk da 'yata ta fara haƙori. "Ana son wanda ba ya zuwa ko'ina."

Daga cikin ɗaki Gwaggo ta ce, "Ku faɗi sunan mana, ai ba nauyi gare shi ba."

Aka yi dariya. Yaya ya tashi ya je bakin ƙofarta ya durƙusa.

"Gwaggo, 'yan kwanaki ne. Don amfanin gida ne. Gidan da za a bayar ai naki ne."

"Me zan yi da gida, ni da ɗaki ɗaya ya yi mini yawa?"

"Jikokinki fa?"

Ta kalli bayana, inda Takwara ke barci. Ba ta ƙara cewa komai ba, su kuma suka ɗauki shirun a matsayin amsa.

Ni na yi magana. Na ce siton ba shi da taga, rufinsa yana yoyo, ba banɗaki, kuma Gwaggo da sanyi ya taɓa ta sai tari. Yaya ya ce duk abin da na faɗa gaskiya ne, Allah ya yi mini albarka, kuma tunda na fi kowa lura, ni zan riƙa kai mata abinci.

Washegari aka yi ƙaura. Ba a yi rowar ƙoƙari ba. An share siton, an kori ɓeraye iya waɗanda suka yarda su tafi, an kai gado da tabarma da buta da bokiti. Anti ta rataya labule a ƙofa, ta ɗaura igiya a waje ta shanya tsofaffin zannuwa, ta ce kada a kwashe su ko sun bushe, don a san da rai a wurin. Gwaggo ta ce da hannunta za ta kulle ɗakinta. Aka riƙe ta har ta danna kwaɗon, ta zura makullin a zare ta rataya a wuya. Sannan mazan suka ɗauke ta a kan kujera, suna "a hankali, a hankali", suka tsallaka da ita jan turke.

Da aka kwantar da ita, Yaya ya ja da baya ya kalli siton kamar baƙo. Ya ce bangon ya yi fari da yawa, kowa ya gani ya san ba a taɓa girki a nan ba. Ya tara tsummoki da tsohuwar taya ya cinna musu wuta a jikin bango, dab da ƙofa, don su yi baƙi. Hayaƙin ya bi ta ƙarƙashin labule. Na shiga na tarar da Gwaggo tana tari, hawaye na zuba.

"Yaya, tana ciki fa!"

"Yanzu zai wuce. Ai gara a yi shi sau ɗaya a huta."

Bangon ya yi baƙi sosai, Yaya ya ji daɗin aikinsa.

Kwanakin farko da sauƙi. Ina kai mata shayi da safe, in zubar da bokiti, in goge mata jiki, in zaunar da Takwara a kan cinyarta ta yi ta jan zaren makullin. Duk motar da ta tsaya a titi sai Anti ta ƙwala mini kira, "Amarya, duba ko su ne!" Ba su ba ne. Gwaggo takan ce, "In sun zo ki tashe ni in yi musu barcin, su ga yadda ake kwana."

Sai injuna suka iso. Katafila ta fara kwashe ciyawar, ta bar jar ƙasa. Aka ja waya mai ƙaya a layin turakun, aka bar 'yar kafa ɗaya, aka ajiye mai gadi a kan benci. Daga ranar sai na gaishe shi kafin in kai wa tsohuwar gidanmu abinci a filin gidanmu. Mutumin kirki ne, bai taɓa hana ni ba, sai dai kullum sai ya buɗe kwanon ya leƙa, ya ce aikinsa ne. Bayan waya aka haƙa dogon rami na bututu, aka ɗora katako ɗaya a kai. Haƙar ramin ta yanke bututun famfon da ke bayan gida, ruwa ya koma sai na ɗauko daga tsakar gida a ka, in bi ta kan katakon, goyo a baya.

Injin kwaɓa siminti kuwa, da aka duba duk faɗin wurin, ba inda ya dace da shi sai jikin sito, saboda inuwa.

Tun daga safe yake kuka har rana ta faɗi. Duk buhun da aka farke, ƙurar sai ta tashi ta bi ta ƙofa, ta bi ta ramukan rufi. In na ajiye shayi na juya na zubar da bokiti, kafin in dawo ya yi fata a sama. Na jiƙa labulen, ya bushe ya sandare kamar kwali. Gashin girar Gwaggo ya yi fari fat.

Ranar da Takwara ta dawo da ido ja tana atishawa, na daina shiga da ita. Ba zan ɓoye ba, huhun yarinya ba abin gwaji ba ne. Na gaya wa Gwaggo, ta ce da na ci gaba da kawo ta da ita za ta kore mu. Muka yi shiri: da yamma in injin ya tsaya, ta dafa bango ta fito bakin ƙofa, ni kuma in tsaya ta wannan gefen wayar in ɗaga mata yarinyar sama. Takan ɗaga hannu ta ce, "Takwara, an ba ki bizar zuwa?" Yarinyar ta yi ta wutsil-wutsil da ƙafa.

Tarin ya sauka ƙirji. Da farko tana yi ta huta, daga baya ya zama in ta fara sai ta riƙe gefen gado. Na samu Yaya na ce a kai ta asibiti.

"In muna asibiti suka zo fa? Duk wahalar da baiwar Allahn nan ta sha ta tashi a banza? Ki ji tausayinta mana, Amarya."

Ya aiko da kwalbar maganin tari daga kemis, mai zaƙi, da cokalinsa.

Na samu Anti. Ta ce tsofaffi dama da tari aka san su, kakarta ta yi shekaru tana yi, kuma ba shi ya kashe ta ba. Ta ce iskar can ma ta fi ta cikin gida, fili ne.

Na samu mijina, ranar da ya dawo daga tafiya. Na bari sai da ya ci abinci.

"Baban Takwara, ka je ka ga Gwaggo?"

"Zan je."

"Ga ta can, ba mota ake shiga ba."

"Ke ba ki gane ba. Zuciyata ba za ta iya ɗaukar ganinta a haka ba. Matar nan ita ta goya ni."

"To ka ɗauko ta."

"Yaya ne babba. In na tsallake maganarsa, gobe me za a ce a gidan nan?"

Ya yi tagumi, idonsa ya kawo ruwa. Da gaske yake jin abin, har barci bai yi sosai ba. Da safe ya ba ni lemo guda biyu in kai mata, ya shiga mota ya tafi.

Leburorin katanga suna da yawa, kuma suna cin burodi, suna shan shayi, suna neman sabulu da sigari. Shago mafi kusa yana da nisa. Anti ce ta fara lura. Wata rana ina wanki na ji ana dukan bango da guduma. Na fito na tarar an ɓalle kwaɗon ɗakin Gwaggo, akwatunanta suna jibge a ƙarƙashin rumfa, magini yana fasa taga a bangon da ke kallon titi.

"Aro ne," in ji Yaya tun ban tambaya ba. "Ɗaki yana zaune a banza, ga mutane suna neman abin saye. Da ta dawo za a toshe."

"An gaya mata?"

"A tayar mata da hankali tana fama da tari? Haba, Amarya."

Kafin mako ya zagayo an kafa kanta, an jera kaya, an sa benci a waje. Kasuwa ta buɗe har Yaya ya bar zuwa tasa kasuwar, ya dawo shi ke zama a tagar.

Kullum in na shiga, tambayar farko da Gwaggo take yi mini ita ce, "Ɗakina a rufe yake?" Da, ina cewa a rufe. Ranar na ce, "Makulli yana wuyanki, Gwaggo."

"Ba shi na tambaya ba."

Na sunkuya ina matse tsumma. Ba ta sake tambaya ba. Bayan kwana biyu na tarar da rabin burodi a kan gadonta. Ta ce mai gadi ne ya kawo mata, ya ce a sabon shagon gidanmu ya saya, wanda aka fasa wa taga.

"Ci ki ji, Amarya," ta ce. "Burodin ɗakina ne. Da laushi."

Daga ranar ta daina tambayar komai. Ta daina fitowa bakin ƙofa ma. Ina zuwa jikin waya da yamma in ɗaga Takwara sama har hannuna ya gaji, labule ba ya motsi. Leburori suka saba da ganina, wani ma yakan ɗaga wa yarinyar hannu a madadin.

Katangar kuwa ta iso. Manyan allunan siminti ake ɗagowa da inji a jera, kowanne ya fi gidanmu tsawo. Da suka kai bayan sito, rana ta daina taɓa shi sai ta yi tsaka. Bango ya fara gumi, katifa ta yi sanyi. Abincin da na kai da rana shi nake dawowa da shi da yamma, mai gadi ya buɗe ya leƙa, ya rufe. Da na ɗaga ta zan canza mata zani, na ji duk ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna.

Ran nan da hantsi na fito daga siton da bokiti, sai ga babban mai awon nan yana tuge jajayen turakunsa yana tarawa. Na gaishe shi.

"Malam, don Allah yaushe masu dubawar za su zo?"

"Waɗanne masu dubawa?"

"Masu duba ɗakin da ake kwana a ciki."

Ya miƙe ya dafa ƙugu. "Baiwar Allah, ai ba mai zuwa. Tun kafin mu kafa turken farko aka zagaya da jirgin sama aka ɗauki hoton ko'ina, aka bi unguwa aka tantance. Da wannan ake aiki. An faɗa a taro, a ƙarshe, sai dai wasu da suka ji maganar gida suka tashi suna sauri. Wannan ai sito ne, a sito aka sa shi."

Gwaggo ta yi tari daga ciki, mai tsawo. Ya juya, ya je ya ɗaga labulen da ya sandare, ya leƙa. Ya jima a haka.

"Subhanallahi. Mutum ne a nan? Mu mun ɗauka shanya kuke yi." Ya saki labulen. "Ku fitar da ita. Kafin ƙarshen makon nan za a rufe kafar wayar, katafila ta bi ta kansa, nan hanyar masu sintiri ce."

Na ajiye bokitin a wurin. Na zagaya ta titi, na tsaya a tagar shago a bayan wani lebura mai sayen sabulu. Da layi ya zo kaina na faɗa wa Yaya duk abin da mai awo ya ce. Anti tana ciki tana yanka burodi. Mijina ma yana nan, a kan benci, ranar bai fita ba.

Yaya bai ko ɗago ba. "Na ji wannan tun tuni."

"Tun tuni?"

"Tun kafin a fasa tagar nan. Amma gwamnati ce, yau ta faɗa gobe ta canza. Kuma ki yi tunani, in katafila ta zo ta tarar da tsohuwa a ciki, dole su tsaya su zauna da mu. Yanzu ne ma zamanta zai yi amfani."

"Yaya, ba ta iya zama. Kwance take."

"To ai kwanciyar ake so."

Anti ta ce, "Kuma in an dawo da ita a ina za a sa ta? Kayan nan fa, a kaina zan ɗora?"

Na kalli mijina. Ya kalli ƙafarsa. Ƙafar nan tasa ta sha kallo a wannan shekara.

Na shiga gida na ɗauko Takwara, na ɗora masa ita a cinya. "Riƙe 'yarka." Na ɗauki zanin goyon da majanyi na koma.

Gwaggo ta buɗe ido. "Sun zo?"

"Ba mai zuwa, Gwaggo. Tashi mu tafi gida."

Na zaunar da ita a bakin gado, na juya mata baya na durƙusa, na ja hannuwanta a kan kafaɗata, na yafa zanin na ɗaure a ƙirji, na zagaya majanyi na tamke. Na yunƙura da ƙarfi don na zaci tana da nauyi, sai na kusa kifawa. Tulun ruwan da nake kawo mata ya fi ta nauyi.

Da muka fito, mai injin siminti ya gan mu ya kashe injinsa. Tunda aka kawo shi ban taɓa jin shirunsa da rana ba. Mai gadi ya taso ya taka bakin katakon da ƙafa don kada ya motsa. Ina tsakiyar katakon na ji bakinta a kunnena.

"Amarya, in kika yar da ni a ramin nan, za a ce na shiga aikin gwamnati ba izini."

"Yi shiru, Gwaggo, kada ki sa ni dariya."

Na nufi ƙofar baya, ta ce a'a, ta titi za mu bi. Na ce ta titi ya fi nisa. Ta ce ai ba ita ke tafiyar ba.

Leburorin da ke layi suka dare. Na tsaya da ita a gaban tagar. Ta leƙa ta saman kafaɗata, ta kalli kantar da aka kafa a inda gadonta yake, ta kalli ƙusar da take rataya mayafinta, an rataya ledar sigari. Yaya ya miƙe tsaye, cokalin sukari a hannu.

"Gwaggo, sannu. Ai da an bari na zo da kujera."

Ta daɗe tana fama da zaren kafin ya fita ta kanta. Ta miƙa hannu ta tagar ta ajiye makullin a kan kantar shagon.

"Karɓi, Gwamnati," ta ce. "Waccan dai sai da ta kafa turke."

Wani lebura ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

A ɗakina na kwantar da ita, a kan gadonmu. Mijina ya shigo da yarinyar ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka. Gwaggo ta ce, "Auta, in ka gama, miƙo mini Takwara." Washegari shi ya kai mu asibiti a motarsa, bai tambayi kowa ba, wannan kam zan faɗa masa. Likita ya ɗora abin awo a ƙirjinta, ya ɗaga hoton ƙirjin ya duba a hasken taga, ya tambaye ni a ina take aiki. Na ce ba ta aiki, kwana take yi. Ya ce da an kawo ta da wuri. Ya rubuta magani, ya ce mu koma gida mu kula da ita.

Katafila ta bi ta kan sito a ranar da aka ce. Ba ta tsaya ba, ba wanda ya zauna da kowa. Zannuwan Anti da ke kan igiya da su aka haɗa.

Gwaggo ta ɗan jima da mu. Tana shan shayi mara fata, Takwara tana hawa kanta tana sauka. Wata rana bayan azahar ina ninke kaya a gefenta, na ji tarin bai zo ba a lokacin da ya saba zuwa. Na juya. Hannunta yana kan ƙafar yarinyar.

A wurin gaisuwa Yaya ne ya zauna a gaba. Ina ji ta labule yana gaya wa mutane cewa Gwaggo mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, duk abin da aka ce don amfanin gida ne ita ce ta farko. Ya ce alhamdulillahi a hannunsu ta cika, a cikin gida, a kan gado. Mutane suka ce Allah ya saka musu da alherin riƙon da suka yi mata. Shago bai buɗe ba ranar. Washegari aka buɗe rabin taga, saboda leburori ba su da laifi.

Gida dai ba a bayar ba. Katanga tana nan, in ka fita ƙofar baya ita za ka fara gani, ita za ka gama gani. Sunan da Gwaggo ta sa wa Yaya ya bi shi, duk unguwa shagon Gwamnati ake cewa, shi kuma ya ce sunan yana jawo ciniki. Da yamma masu filayen da aka karɓe sukan taru a bencinsa suna zagin dokar, kuma muryarsa ta fi ta kowa. Jiya ina wucewa da ruwa na ji shi yana dukan kantar shagon da hannu.

"Zalunci ne! A zo a tarar da mutum a wurinsa, a ce ya tashi don amfanin wasu, ba a ko tambaye shi ba? Wallahi Allah ba zai bar su ba!"

Suka ce ƙwarai kuwa. A daidai inda kan gadonta yake a da, nan yake tsaye.

Ni ban san dokar ƙasa ba, ban san ko katangar nan tana tsare wani abu ba. Masu ilimi su yi ta gardamarsu. Abin da na sani, wanda gwamnati ta karɓe wa fili yana da benci da zai zauna ya yi zagi, yana da maƙwabta da za su ce masa ƙwarai kuwa. Wadda 'yan gida suka karɓe wa ɗaki, gaishe ta ake yi safe da yamma, kuma in ta mutu masu karɓar ake yi wa ta'aziyya.

Makullin ya yi kwanaki a kan kanta, tsakanin ashana da sabulu, ba wanda ya taɓa shi, tunda kwaɗonsa an daɗe da ɓallewa. Ranar da Anti za ta share shi cikin shara na ɗauke. Na wanke shi da ruwan zafi, na canza masa zare, na sa a ƙasan akwatin kayan Takwara. Wata rana za ta girma ta tono shi, ta ce, "Umma, wannan na wace ƙofa ne?" Zan zaunar da ita in gaya mata, da sunan kowa, har da na babanta.